Wa ke biyan ɗan sandan sarauniya?

Duk wanda ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, ko ya ratsa lungunan Darmanawa bayan sallar isha, zai haɗu da masu kaki kala-kala. Akwai ɗan sandan da gwamnatin tarayya ta ɗauka ta ba shi lamba. Akwai ɗan sandan sarauniya, wanda kakinsa ya yi kama da na wancan har sai mai lura sosai ne zai bambance su. Ga ɗan Karota a mahaɗar titi, ga ɗan Hisba, ga 'yan sintirin unguwa da tocila da gora da usur. A idon mai adaidaita sahu ko mai shago, dukkansu hukuma ce. Sai wata ya ƙare ake ganin bambanci. Wani albashinsa zai shiga banki, wani sai ya jira abin da aka tara masa gida-gida, wani kuwa babu wanda ya ɗauki alkawarin ba shi ko sisi, alhali tare suka kwana a tsaye.

An daɗe ana tattauna albashin 'yan sanda a gidajen rediyon Kano, amma kusan kullum a kan ɗan sandan gwamnati ake tsayawa. Wanda ke tsaye a bayansa ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka kama shi da laifi. A ganina kuwa, yadda aka ajiye wannan na bayan shi ne tushen abubuwa da dama da jama'a ke kuka da su a caji ofis da kan titi.

Tun zamanin Turawa dokar 'yan sanda ta san da 'yan sandan sarauniya, sai dai yawansu na yanzu daga shekarar 2020 ya samo asali. A watan Agustan shekarar gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da naira biliyan 13.3 don fara shirin shigar da al'umma cikin aikin ɗan sanda, lokacin Mohammed Adamu yana Sufeto Janar. A watan Satumba aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo tushe tun 1943, kuma ta tanadi sashe na 'yan sandan sarauniya da wani na kwamitocin tsaron al'umma. A Kano gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da rukunin farko na mutum 704. Idan aka raba wannan adadi ga ƙananan hukumomi 44, kowace ta tashi da goma sha shida. Ke nan Tarauni, mai mazaɓu goma da suka haɗa da Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Unguwa Uku, Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi biyu, ba ta kai ga samun mutum bibbiyu a kowace mazaɓa ba. Daga baya aka ƙara ɗaukar sama da dubu biyar a faɗin jihar. Masu unguwanni da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi suka taimaka wajen tantancewa, aka ba su horo na 'yan makonni, aka raba su caji ofis.

Abin da ba a warware ba tun ranar farko shi ne wanda zai biya su. Hedikwatar 'yan sanda a Abuja ta ce aikin sa-kai ne, babu albashi a cikinsa. Wani babban jami'inta ya ce jihohi ne za su ɗauki nauyi, wasu gwamnoni kuma, ciki har da marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo, suka fito fili suka ce ba za su biya ba. A haka aka ɗinka kaki aka fara aiki.

A rubuce tsarin yana da ma'ana. An ce mai sana'arsa ake so, malamin makaranta ko tela ko ɗan kasuwa, wanda ya san unguwarsa ciki da bai, ya ba da 'yan sa'o'i a mako don taimaka wa 'yan sanda da bayanai da sasanta ƙananan rigingimu. Amma a garin da matasa masu takardar difloma da ta koyarwa ke zaune a dakali ba aikin yi, kowa ya san su wa za su cika layi. Yawancin waɗanda suka shiga sun shiga ne da fatan wata rana za a mayar da su cikakkun 'yan sanda, ko a fara ba su wani abu a wata. Su kuma caji ofis, da ke fama da ƙarancin ma'aikata, suka karɓe su hannu bibbiyu. Aka sa su a jadawalin aiki na safe da na dare. Su ne a kan kanta, su ne a bayan motar sintiri, su ne a shingen bincike, su ne masu tare jama'a ranar hawan sallah da ranar zaɓe. Mutumin da ke shafe yini ko kwana a bakin aiki, kusan kullum, ba shi da lokacin da zai yi wata sana'ar. Sunan aikinsa sa-kai, amma nauyinsa na cikakken ma'aikaci ne.

Ƙarancin ma'aikatan ma yana da dalili. Adadin da aka fi ambata na 'yan sandan Najeriya shi ne kusan 370,000, ga al'umma fiye da miliyan 200. A 2018 Mike Okiro, wanda ke shugabantar Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a lokacin, ya ce sama da 150,000 daga cikinsu suna gadin manyan mutane ne. Gurbin da waɗannan suka bari a unguwannin talakawa shi ake cikewa da wanda ba a biya.

Kada wannan ya sa a zaci ɗan sandan gwamnati yana cikin daula. Wanda ya taɓa shiga barikin 'yan sanda a manyan garuruwan ƙasar nan ya ga ɗakunan da rufinsu ke yoyo da iyalan da ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Ƙananan jami'ai sun sha kokawa cewa da kuɗinsu suke ɗinka kaki da sayen takalmi. An yi musu gyaran albashi a ƙarshen 2018, aka kuma amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari a watan Disambar 2021, bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta tilasta wa gwamnati duba halin da suke ciki. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya cinye wannan ƙari gaba ɗaya, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Ɗan sanda ba shi da ƙungiyar ƙwadago, doka kuma ta hana shi yajin aiki. Da ƙananan jami'ai suka gwada a watan Fabrairun 2002, zamanin Obasanjo, abin ya girgiza ƙasa, kuma ba a jima ba Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. Fansho kuwa shi ne babban ciwonsu. Tun 2004 aka sa su cikin tsarin fanshon karo-karo, daga baya aka cire sojoji da jami'an tsaron farin kaya aka bar su a ciki. Ranar 21 ga Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja, dattawa masu furfura da suka yi shekara talatin da biyar suna aiki, suna neman a fitar da su daga tsarin.

Duk da haka, ɗan sandan gwamnati yana da abin da zai riƙe. Yana da takardar ɗaukar aiki da lambar da ke nuna ma'aikacin wane ne shi. Albashinsa, komai ƙanƙantarsa, yana zuwa. Yana da tsani a gabansa, daga kurtu zuwa kofur, zuwa saje, zuwa sufeto. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Kuɗin yakan yi jinkiri, iyalan mamata sukan sha wahalar bin takardu, amma haƙƙi ne da za a iya nema a gaban alƙali. Yana da inshorar lafiya, yana iya cin bashi a ƙungiyar adashen 'yan sanda, ba a kuma korarsa sai an zaunar da shi an ji ta bakinsa. Ɗan sandan sarauniya a aikace ba ya ganin waɗannan. Doka ta yi maganar alawus a kansa, ba ta yi maganar albashi ba, alawus ɗin ma ya dogara da tausayin shugaban ƙaramar hukuma ko na difi'o. In an canza shugaba, sai a koma roƙo daga farko.

Haɗarin kuwa ba ya bin wannan rabo. Mutanen Tarauni ba za su manta da yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012 ba, ranar da aka kai hari hedikwatar Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da caji ofis na Farm Centre, aka kashe mutum aƙalla 185 a birnin. Mai nufin kaki da sharri ba ya tsayawa tambayar wanda ke cikinsa ko yana karɓar albashi. Ta wata fuskar ma ɗan sandan sarauniya ya fi shiga haɗari. Galibi ba ya riƙe da bindiga, sai kulki. Sannan ɗan unguwa ne. Idan ya taimaka aka kama mai ƙwacen waya ko ɗan daba, washegari a masallaci ɗaya zai yi sallah da yayyen yaron, sun san gidansu, sun san hanyar da ƙannensa ke bi zuwa Islamiyya. Ɗan sandan gwamnati ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Shi babu inda za a mayar da shi.

To, a ina yake samun abinci? Wannan tambaya ce da kowa a unguwa ya san amsarta amma ba a son furta ta a taro. Magidanci ko saurayi mai iyaye a wuyansa, wanda ya biya kuɗin mota daga aljihunsa ya zo aiki, aka ba shi ikon tsayar da abin hawa da rakiyar wanda ake tuhuma, aka kuma sallame shi hannu wofi, an riga an nuna masa inda zai nemi na cefane. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da ke haƙuri, suna haɗawa da acaɓa ko gadi ko sayar da kati, kuma sun cancanci a girmama su. Amma ba a gina tsari a kan tsammanin kowa zai zama waliyyi. Kuɗin da baitulmali ya ƙi fitarwa a bayyane, mai adaidaita sahu ne ke biyansa a naɗe cikin tafin hannu, da uwar da ta zo belin ɗanta, da mai ƙarar da aka ce ya kawo kuɗin mai da na takarda. Talakan da aka ce an kawo tsarin don kare shi, shi ke ɗauke da albashin, ba tare da rasit ba.

A watan Disambar 2023 wani bidiyo ya karaɗe intanet, inda wasu 'yan sandan sarauniya biyu a jihar Oyo suke neman kuɗi a wurin wata Baturiya 'yar ƙasar Holan da ke yawon duniya a kan babur. Aka kore su nan take, aka cire musu kaki. Hukuncin daidai ne, ba na jayayya da shi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ƙarƙashin marigayi Solomon Arase, ta faɗi abin da ya fi muhimmanci a lokacin, da ta nemi a bambanta kakinsu da na 'yan sanda, a kuma rushe su a jihohin da ba a biyansu. Wata biyu kafin haka Kano ta yi tata muhawarar, lokacin da rundunar jihar ƙarƙashin Kwamishina Muhammad Usaini Gumel ta horar da tubabbun 'yan daba hamsin a matsayin 'yan sandan sarauniya. An yi ta cece-kuce a kan ko ya dace wanda ya taɓa riƙe wuƙa ya sa kaki. Ni abin da ya fi damuna shi ne ba a tsaya sosai a kan abin da zai ci ba. Matashin da ya ajiye makami ya rungumi zaman lafiya ya yi babban abu, kuma mafi ƙarancin sakayyarsa shi ne a ba shi abin dogaro.

Maganar biyan 'yan sandan sarauniya ta kai kotu. A 2022 an ga 'yan sandan sarauniya suna zanga-zanga a Kwara da Osun kan rashin biya, rundunar 'yan sanda ta sake nanata cewa su 'yan sa-kai ne. A 2024 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Abuja ta ba dubbansu gaskiya, ta umarci a biya su albashin shekarun da suka yi suna aiki. Kafin wannan ma akwai hukuncin da ya kamata ya zama darasi. Kamfanin mai na Mobil ya yi shekara da shekaru yana amfani da ɗaruruwan masu gadi da aka horar a matsayin 'yan sandan kamfani, yana cewa ma'aikatan rundunar 'yan sanda ne. A watan Afrilun 2018 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikatansa ne, ya ba su haƙƙinsu. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin hukuncin mai sauƙi ce, wanda ya ɗauki mutum yake kuma cin moriyar guminsa ba zai ɓuya a bayan suna ba.

Ingila, inda muka gaji wannan tsari, ta raba abin gida biyu. Akwai 'yan sandan sa-kai na gaske, masu aikinsu na yau da kullum, waɗanda ake neman su ba da kamar sa'a goma sha shida a wata, ana mayar musu da kuɗin mota da na abinci. Akwai kuma mataimakan 'yan sanda na unguwa da wata doka ta 2002 ta samar, waɗanda ikonsu bai kai na ɗan sanda ba, albashinsu ma bai kai nasa ba, amma ma'aikata ne cikakku masu fansho da ƙungiyar ƙwadago. Mu sai muka ɗauki rashin albashin na farko muka haɗa da yawan aikin na biyu muka ɗora wa mutum ɗaya.

Ba ma sai an tafi nesa ba. Kano ta taɓa samun 'yan sandanta na gida, 'yan doka, waɗanda Ado Bayero ya shugabanta a matsayin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, kafin ya zama jakada sannan sarki. Tarihinsu ba shi da tsabta duka, magoya bayan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aka narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960. Amma ɗan doka ya san ubangidansa. En'e ce ta ɗauke shi, daga baitulmalinta ake biyansa, sunansa yana cikin littafi. Yanzu da ake ta kiran a gyara sashe na 214 na tsarin mulki don a ba jihohi damar kafa 'yan sandansu, ya kamata a fara tambayar kowace jiha yadda ta riƙe waɗanda ke hannunta. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaronta a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, Kano kuma ta yi dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a farkon 2025. Fa'idar irin waɗannan ita ce akwai doka da gwamnati guda da za a kama da alhakin biyansu. Fargabata ita ce a yi ta ƙirƙiro sababbin kaki, a bar waɗanda suka yi shekaru suna aiki ba tare da an san matsayinsu ba.

A ƙasan kowa akwai 'yan sintiri. Su unguwa ce ke biyansu, mai karɓa ya bi gida-gida da littafi a ƙarshen wata, wani ya bayar, wani ya ce a dawo. Wannan ya sa tsaro ya zama gwargwadon aljihu. Layin masu hali yana da ƙofar ƙarfe da mai gadi, lungun masu ƙaramin ƙarfi kuma, inda aka fi ƙwacen waya, shi ne inda kuɗin sintiri ba ya taruwa. Idan aka sari ɗan sintiri, sai dai a yi masa karo-karo a masallaci a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano. Haka nan masu ba da hannu a titi, da aka kafa rundunarsu tun 1975, sun daɗe suna kukan cewa ƙarin girmansu yana tsayawa a inda na ɗan sanda ke wucewa.

Masu cewa babu kuɗi suna da hujjar da ya kamata a auna da lissafi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya sa na Kano a 71,000. Mutum dubu biyar a wannan farashi naira miliyan 355 ne a wata, wato kimanin biliyan huɗu da kwata a shekara. Kuɗi ne mai yawa, amma kasafin Kano na 2025 ya haura biliyan 700, don haka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, cewa da zarar an fara biya 'yan siyasa za su cika jerin da yaransu da sunayen bogi. Wannan tsoro ne na gaskiya. Maganinsa shi ne a ƙidaya waɗanda ke zuwa aiki da gaske a kowane caji ofis, mai unguwa da limami da difi'o su sa hannu, a liƙa sunayen inda kowa zai gani, a biya ta banki. Idan an ga ba za a iya ɗaukar kowa ba, gara a rage yawansu a biya waɗanda suka rage, sauran a mayar da su 'yan sa-kai na gaske masu iyakantattun sa'o'i, a raba su da shingen bincike da kan kanta, a kuma ba su fifiko duk lokacin da rundunar za ta ɗauki sababbin kurata.

Ƙaramar hukuma ma ba ta da uzurin jiran Abuja, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mutum goma sha shida a kan 71,000 naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da talatin da shida ne a wata. Ko da adadin na Tarauni ya ninka haka sau da yawa, majalisar kansiloli za ta iya farawa da abu biyu a kasafinta: alawus tsayayye da aka rubuta, da sa su da 'yan sintirin da aka yi wa rajista cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, don wanda ya ji rauni a bakin aiki ya samu magani. Kansilan Darmanawa da takwarorinsa na Gyaɗi-Gyaɗi su ne suka fi kusa da za a kai wa wannan buƙata, kuma lokacin kai ta shi ne kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.